Damin Gonar Manu

Ku duka kun tashi kun tarar ba a gaisawa tsakanina da Kawunku Lawali, kuma kowannenku ya sami wanda ya ja shi gefe ya gaya masa dalili. Na san abin da aka ce muku. An ce ubanku mutum ne mai taurin kai, alƙalin da bai san inda kotu ta ƙare gida ya fara ba, wanda ya tasa matarsa gaba ya kai ta gaban shari'a ta kunyata yayanta uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara da shekaru ina jin maganar nan tana yawo ban tanka ba, domin Innarku ce ta ce in bar ta haka. Yanzu Allah ya karɓi abarsa, Kawunku ma ya riga ta, ni kuma gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya. Kai Nasiru da kake damuna in rubuta makarantun da na yi da garuruwan da aka kai ni aiki, ka yi haƙuri, wannan yana cikin takardun fansho, ka buɗe akwati ka duba. Ni abin da zan rubuta shi ne labarin damin geron nan da ke rataye a zaure tun ranar ta'aziyyar Innarku, wanda kuke ta ce mini in bari a sussuke shi kafin ɓera ya gama da shi.

Da gemuna na bar Badarawa na tafi Birnin Tsaba neman ilimi wurin kakanku Malam, mahaifin Innarku. Shekara bakwai na yi a gabansa. Fiƙihu muke karantawa, amma Malam yana da wani kwaɗayi da sauran malaman yankin ba su da shi: yana son mantiƙi, wato ilimin auna hujja, yana son gardandamin masu hikimar ƙasar Yunan na dā kamar yadda malaman Larabawa suka kawo su. In ya ga mun fara gyangyaɗi bayan la'asar sai ya rufe littafi ya jefo mana tambaya. Wata rana ya ce mu gaya masa, gaskiya da adalci abu ɗaya ne ko biyu. Ni da nake ji da kaina na yi caraf na ce ɗaya ne. Ya ce to in ɗaya ne, don me shari'a ta hana alƙali ya yanke hukunci da abin da ya gani da idonsa, ta ce sai an kawo masa shaidu? Na yi ta kame-kame. Da ya ga na gaji sai ya ce:

"Gaskiya ita ta abin da yaf faru. Adalci kau hanya ta, wadda mutanen da ba su wurin ka bi su kai gare ta, kuma dole hanyag ga ta zam ɗaya ga kowa. In anka bar ka ka yanke da abin da kas sani, gobe wani shi yanke da abin da yac ce ya sani. Wa ka buɗe cikinai shi duba?"

Na haddace maganar nan kamar karatu, na yi ta maimaita ta ga na ƙasa da ni har na tsufa. Sanin nauyinta kuwa sai daga baya.

Gonar da gidan Malam ke ci ba tasa ba ce. Ta wani Bafulatani ce mai suna Manu, wanda iyayensa suka sari dajin, shanunsu suka kwana a kai shekaru har ƙasar ta yi baƙi. Da Malam ya sauka garin da iyali da ɗalibai, Manu ya ba shi aronta, ya koma da rugarsa can gefen fadama. A ƙasarmu kun san yadda aron gona yake: ba a rubuta komai, amma duk kaka wanda aka ara wa zai ɗaure dami ɗaya na farkon girbi ya aika wa mai gona. Damin ba ya ciyar da gida, kuma ba don ci ake kai shi ba. Ana kai shi ne don kowa ya ga cewa har yanzu an san mai wuri. Kaka bakwai ni nake ɗora damin nan a kan jaki in kai rugar Manu, a ba ni kindirmo in sha in dawo. Ko sau ɗaya Malam bai bari an sa gero a rumbu ba sai damin Manu ya fita.

Daga baya Malam ya ba ni auren Innarku, na shiga aikin shari'a, muka kafa gida a nan Ƙaura. Malam ya rasu, Manu ya bi shi ba da daɗewa ba. Gona ta koma hannun Lawali, shi ne babba, shi ke riƙe da gida da tsohuwarsu, wato kakarku. Kuma in faɗi gaskiya, domin ba zan zalunci mamaci ba, Lawali ya yi wa gonar nan wahala. Ya kai mata taki, ya haƙa rijiya a gefenta, ya dasa mangwaro. Duk kaka yakan ware wa Innarku rabonta na gado, mai amalanke ya kawo mana har ƙofar gida. Ni ban taɓa tambayar ko damin Manu yana fita ba. Ina can ina yi wa wasu shari'a.

Shekara goma sha huɗu bayan rasuwar Malam, ina alƙali a wata kotu a ƙasar Zurmi, aka kira ƙara da safe, na ɗaga kai sai ga Sambo ɗan Manu a tsaye, ga Lawali a ɗaya gefen. Ciwo ya shiga garken Sambo ya bar shi da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba, yana da iyali, yana so ya koma noma a gonar ubansa. Lawali ya ce babu wannan magana. Ya ce da Malam ya rasu Manu ya bar musu gonar kyauta, shi ya sa ya daina kai dami, kuma shekara goma sha huɗu su Sambo suna kallonsa yana nomawa ba su ce uffan ba. Wannan ita ce hujjar da muke kira hauzi: in mutum ya riƙe wuri shekara goma yana aiki da shi kamar nasa, mai wurin yana gani ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to ba a sauraron ƙararsa. Sambo kuwa ba shi da shaida ko ɗaya, tsofaffin da suka san aron duk sun kwanta dama. Ina zaune a kan kujera, ni kaɗai a ɗakin nan na san nauyin damin a kafaɗata, kuma ba ni da ikon in yi hukunci da shi. Na ce wanda ake ƙara surukina ne, ba zan saurara ba, aka mai da shari'ar wata kotu a nan Ƙaura.

Washegari da hantsi Lawali ya zo gidan nan. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Innarku ta dama masa fura. Yana cikin fara'a.

"Alƙali, ka yi daidai da kaz zare hannunka," in ji shi. "Ba ni son a ce suruki yab ba ni. Yanzu abu guda nika roƙo, ka zamna gidanka. Ba ni ce ka yi ƙarya ba. Ka dai yi shiru."

Na ce, "Yaya, ni nika kai damin ga da hannuna."

"Wa yat tambaye ka?"

Babu wanda ya tambaye ni, wannan gaskiya ne. Sambo yana yaro lokacin da nake zuwa rugarsu, bai ma gane ni ba. Da na yi shiru babu dokar da na karya, babu wanda zai sani. Kwana uku ina juya abin. A na huɗu na yanke shawara, kuma ku ji yadda na yi: ban shawarci Innarku ba, wa'azi na yi mata. Tana tankaɗen gari ina tsaye a kanta ina jero mata hukuncin ɓoye shaida, ina kawo mata maganganun mahaifinta kamar ni na haife shi. Ta bar ni har na ƙare, ba ta ɗaga kai daga rariya ba, ta ce, "Kai kas san karatu, Malam." Na ɗauka fushi take yi. Na fita ina jin kaina wani babban mutum wanda ko matarsa ba ta fahimce shi ba.

Alƙalin da aka kai wa shari'ar yaro ne a kaina, ya taɓa zama a ƙarƙashina yana koyon aiki. Na shiga ina tsammanin za a kawo mini kujera. Ya nuna mini inda shaidu ke tsayawa. Ya tambayi sunana da sana'ata kamar bai taɓa ganina ba, ya juya ga Lawali ya ce ko yana da suka a kan wannan shaida. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba, amma can ƙasan zuciyata na ce yaron nan ya koyi aiki. Na faɗi abin da na sani: aro ne, kuma kaka bakwai ina kai dami. Sai ya ce:

"Bayan rasuwar Malam fa, ka ga an kai?"

"Ban gani ba."

"Kana wurin sa'ad da aka ce Manu ya bayar kyauta?"

"Ba ni wurin."

A nan shaidata ta tsaya, domin a nan sanina ya tsaya. Na tabbatar da aro a zamanin Malam, amma Lawali bai musa wannan ba. Abin da yake cewa shi ne daga baya an ba su, kuma shirun shekara goma sha huɗu yana bayansa. Na ɓata da surukina a banza ke nan. Alƙali ya juya ga Sambo ya ce me ya hana su magana duk tsawon shekarun nan. Sambo ya dube shi da mamaki.

"Ranka shi daɗe, magana ta mi? Dami bai yanke ba. Ko bara an kawo muna."

Lawali ya yi dariya, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, shi bai aika da ko zangarniya ɗaya ba tun ranar da aka binne Malam. Na dubi fuskarsa na san ba ƙarya yake yi ba. Na dubi ta Sambo, shi ma haka. Aka tambayi Sambo wa ke kawowa, ya ce wani tsoho mai amalanke, yakan sauke ya ce daga gidan Malam, kuma tsohon ya rasu da rani. Alƙali ya ba Sambo mako biyu ya kawo wanda zai tabbatar da maganarsa, in ba haka ba gona ta zauna inda take.

Na dawo gida bayan azahar na tarar da Innarku tana tsinkar zogale a inuwar ɗaki. Na zauna ina ba ta labari, har ina cewa ban taɓa ganin shari'ar da mutum biyu suka saɓa kuma kowannensu yana da gaskiya ba sai yau. Ta ajiye reshen da ke hannunta.

"Ni ta," in ji ta.

Ban gane ba. Ta ce daren da ciwon Malam ya tsananta ya ce mata kada damin Manu ya yanke. Kakar farko ta gaya wa Lawali, ya ce wannan ba maganar mata ba ce. Ba ta sake yi masa zancen ba. Amma duk shekara in mai amalanke ya ɗauko rabonta, ta riga ta gaya masa ya biya ta ruga ya sauke dami ɗaya, ya ce daga gidan Malam. Shekara goma sha huɗu gero yana shigowa gidana da ragin dami, ni mai binciken shaidu ban taɓa lura ba.

To, ga wurin da nake so ku karanta a hankali. Nan take na san abin da maganarta take nufi a shari'a. Ita magajiya ce a gonar nan. In ta tsaya ta ce aro ce, ba shaida kawai ta bayar ba, ta yi iƙirari ne a kan abin da take ci, kuma ta nuna dalilin shirun su Sambo, hauzi ya rushe. Na kuma san abin da take nufi a gida. Tsohuwarta tana hannun Lawali, kuma na san zuciyar Lawali. Sai na ji duk karatun nan ya zube daga kaina. Ni da na tsaya a kanta kwana kaɗan da suka wuce ina yi mata wa'azi, na matso kusa, na rage murya don kada ku ji, na ce:

"Hajiya, ba dole ba na ki tahi. Babu wanda yas sani. Mai amalanke ya mutu. Ni na yi nawa, a bar shi hakanan."

Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba, ba na fushi ba, na tausayi.

"Maganar Yaya Lawali ta ke nan kaka maimaita min," ta ce. "Wa yat tambaye ki."

Na ce ina jin tsoron abin da zai biyo baya ne, na ce ta tuna da Inna tsohuwa. Na yi ta magana, na kawo hujjoji, kuma wallahi hujjojina masu kyau ne, aikina ke nan. Har na ce mata alƙali ba zai zama azzalumi ba in ya ba Lawali, tunda da abin da ke gabansa zai yi hukunci. Ta ce ta yarda alƙali ba zai zama azzalumi ba.

"Amma ni hwa? Shekara sha huɗu ina aika ma mutanen ga da dami, ina ce musu ku kwantar da hankalinku, mun san gonarku ta. Don damina sunka yi shiru. In shirun nan yac cinye musu gona, wa yac cuce su? Ba Yaya ba na. Ni ta."

Na tashi na shige ɗakina.

Ranar da za a koma kotu ban raka ta ba, kunya ta hana ni. Ta sa mayafinta ta hau mashin ɗin haya ta tafi ita kaɗai. Magatakardan kotun ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce da ta shigo Lawali ya miƙe tsaye yana tsammanin wani abu ya faru a gida. Ta gaishe shi da Yaya kamar kullum, sannan ta faɗi maganarta a taƙaice. Alƙali ya tambaye ta ko ta san rabonta ma zai tafi. Ta ce ta sani. Aka haɗa maganarta da tawa, aka ba Sambo rantsuwa ya yi, aka ce Lawali ya girbe abin da ya shuka a wannan damina, bayan nan gona ta koma ga masu ita.

Lawali ya aiko cewa kada ta sake taka masa gida. Tsohuwa ta yi kuka, ta yi roƙo, bai sauko ba. Shekara uku Innarku tana zuwa Birnin Tsaba ta sauka gidan maƙwabta, a lallaɓo da tsohuwa ta katanga su gaisa. Da tsohuwar ta rasu, a gidan maƙwabtan nan ta zauna aka yi mata gaisuwa, tana jin kukan 'yan'uwanta ta bayan danga. Kuma kada ku ɗauka ina ganin Lawali mugu ne. Rijiyarsa da mangwaronsa da guminsa na shekaru duk sun tafi a yini ɗaya, a bakin ƙanwarsa. Hukuncin daidai ne, na duba shi ta kowace fuska, amma ban taɓa iya cewa bai yi masa ciwo na gaske ba.

Da magana ta fara yawo cewa ni na tilasta mata, na ce zan je in gyara. Ta hana ni.

"Bar su su ce kai na. Kai baƙo na gare su. In sunka ce ni ta da kaina, ɗiyana ba su da gidan kawu."

Shi ya sa kuka tashi kuna zuwa Birnin Tsaba da salla, 'ya'yan Lawali suna karɓarku, ana tausaya muku da irin uban da Allah ya haɗa ku da shi. Wannan dabararta ce, kuma ta yi aiki. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yau: na ji daɗin sunan. A wurin aiki aka riƙa nuna ni ana cewa ga alƙalin da ko surukinsa bai raga wa ba, ko matarsa bai bari ta ɓoye gaskiya ba. Ina ji ina sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Na ci wannan yabo shekara da shekaru, ita tana tsakar gida tana jin ana yi, ba ta taɓa ko yi mini murmushin da zai tuna mini ba.

Gonar yanzu babu mai noma ta. Kun san yadda yankin ya zama, hanyar da nake bi da jaki ba mai bin ta ko da rana tsaka. Iyalin Sambo sun tashi sun yi arewa wajen iyaka, na Lawali rabinsu suna nan Ƙaura a gidan haya. Wani zai ce to me aka yi ke nan, an raba zumunci a kan ƙasar da ta koma daji. Ni ma nakan tambayi kaina. Amma ranar uku da rasuwar Innarku, kun ga wani Bafulatani mai furfura ya shigo zaure da dami a ka, ya sauke, ya yi addu'a, bai ko tsaya shan ruwa ba. Kai Nasiru har ka raɗa mini cewa wane ne ke kawo gero da kara wurin ta'aziyya. Sambo ne. A ɗan wurin da aka ara masa can inda suka koma ya noma shi. Da na riƙe hannunsa na ce wannan fa, sai ya ce:

"Na Hajiya na. A san mun sani."

Don haka ku bar shi a rataye, ɓera ya ci rabonsa. In 'ya'yanku suka tambaye ku, kada ku ce kakansu alƙali ne mai gaskiya. Ku ce kakansu ya san hanya, ya koyar da ita shekara talatin, kuma ranar da ta biyo ta tsakar gidansa shi ne ya ce a yi shiru. Wadda ta sa mayafi ta fita, ita ce mai damin.